Gidanmu yana bakin kwalta, asma ta hana ni barci

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Katsina, shekarata 34, yarana huɗu. Tun ina budurwa nake da asma, amma a gidanmu na cikin lungu sai in shekara ba ta tashi ba, sai fa in hunturu ya yi tsanani. Shekara uku ke nan da muka dawo gidan gadon su maigida bayan rasuwar mahaifinsa, don ya zauna kusa da Hajiyarsa. Gidan yana bakin babban titi ta wajen Ƙofar Ƙaura, ɗakina kuma shi ne na farko daga zaure, tagarsa tana kallon kwalta. Tun asuba manyan motoci ke tsayawa jikin katangarmu, direbobi su bar inji yana aiki su tafi wurin mai shayi. Ga 'yan kurkura da 'yan acaɓa har dare. In na goge taga da safe, kafin la'asar baƙin ya dawo.

Yanzu a sati nakan farka cikin dare sau uku ko huɗu, ƙirjina kamar an ɗaure da igiya, numfashi yana fito. Abin shaƙa shuɗin nan ba ya kai ni wata. In abin ya yi tsanani sai a kira mai kemis ya yi mini allura ya ba ni ƙwayoyi. Watan jiya na je biki Daura, na kwana biyar gidan yayata, sau ɗaya kawai na shaƙa.

Na ce wa maigida mu tashi. Ya ce ina zai bar tsohuwa, ga shagonsa a ƙofar gida, ga tsadar haya. Hajiya ta ce sanyi ne ko iska, kullum magariba sai ta turara mini ɗaki da magani, in na ce hayaƙin yana sarƙe ni ta ji haushi. Da kunnena na ji ƙanwar mijina tana cewa ciwon nawa na raba ɗa da uwa ne. Iyayena sun ce in yi haƙuri. Anti, in tafi gida har sai ya nema mini wani wuri, ko in zauna? Ina tsoron wata rana numfashin ya tafi bai dawo ba, in bar yara.

Daga wata baiwar Allah, Katsina.

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sannu, Allah ya ba ki lafiya. Wanda bai taɓa zama a bakin gado ƙarfe uku na dare ba, ya dafa gwiwa yana jan iska tana ƙin shiga, kowa a gidan yana barci, ba zai gane tsoron da kika rufe wasiƙarki da shi ba. Tsoron nan yana da dalili, kuma ba zan ce ki kawar da shi ba. So nake mu sa shi aiki.

Abin da kike zargi gaskiya ne, ba raki ba ne, ba kuma makirci ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kwana biyar ɗin da kika yi a Daura kina shaƙa sau ɗaya, jikinki ne ya ba da shaida. Huhun mai asma hanyoyin iskarsa a kumbure suke daga ciki ko da yana jin lafiya, kamar fatar da ta saluɓe, abu kaɗan ya taɓa ta sai ta ɗauki zafi. Hayaƙin mota, musamman na manyan motoci masu shan dizal, yana ɗauke da wata iska mai suna naitirojin dayokzayid, da kuma ƙananan ɓurɓushi da masana ke kira PM2.5, waɗanda sai an jera kusan talatin kafin su kai kaurin silin gashi ɗaya. Baƙin da kike gogewa a taga manyan ne, su ido ke gani. Ƙananan hanci ba ya iya tace su, wucewa suke har can ƙasan huhu, su ƙara kumburin, majina ta taru, naman da ke zagaye da hanyar iska ya tsuke. Fiton da kike ji ke nan, iska ce take kutsawa ta ƙuntatacciyar hanya.

An gwada wannan a kan manya masu asma irinki. A wani bincike da aka buga a 2007, an sa mutum 60 masu asma suka yi tafiyar awa biyu a titin Okusfod na birnin Landan, inda a lokacin motocin bas da tasi masu dizal ne ke bi, wata rana kuma suka yi irin wannan tafiya a cikin wani babban lambu na birnin. Da aka auna ƙarfin numfashinsu, na ranar titi ya faɗi fiye da na ranar lambu, kuma waɗanda asmarsu ta fi nauyi su suka fi jin jiki. Awa biyu ke nan. Ke kuwa a nan kike kwana, a nan kike wuni, shekara uku. A Landan ɗin dai, a 2020 kotun binciken musabbabin mutuwa ta tabbatar da cewa gurɓatacciyar iska tana cikin abin da ya yi ajalin wata yarinya 'yar shekara tara mai asma, wadda gidansu ke dab da wani babban titi. Na kawo miki wannan ne don in wani ya sake ce miki hayaƙin mota ba ya kashe kowa, ki san ba ke ce kike kuskure ba.

Amma ƙanwata, layin da ya fi tayar mini da hankali a wasiƙarki ba na motoci ba ne. Inda kika ce abin shaƙa ba ya kai ki wata, nan na tsaya. Gwangwani ɗaya na Ventolin, wato shuɗin da kike shaƙa, feshi 200 ne a ciki. In yana ƙarewa kafin wata, kina shaƙa kusan bakwai a kowace rana ke nan, a shekara kuma gwangwani ya haura goma sha biyu. Likitocin asma suna ɗaukar gwangwani uku a shekara ma a matsayin alamar cewa mummunan tashi yana iya zuwa, goma sha biyu kuwa suna danganta shi da haɗarin rasa rai. Wanda asmarsa ke kwance ba ya farkawa cikin dare saboda ita, ba ya buƙatar shuɗin fiye da sau biyu a sati. Ke kin yi nisa da wannan. Saboda haka kafin maganar tashi, kafin maganar Hajiya, kafin komai, a cikin satin nan nake so ki ga likita. Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Katsina ko Babban Asibiti, duk wanda ya fi miki sauƙi. Ki tafi da gwangwanin da kike shaƙa da duk ƙwayoyin da mai kemis ya ba ki a leda, ki zazzage su a gaban likita.

Ga abin da da yawa daga masu asma a garuruwanmu ba a taɓa zaunar da su an faɗa musu ba. Abin shaƙa iri biyu ne. Shuɗin aikinsa buɗe hanya nan take, na 'yan awoyi, ba ya taɓa kumburin ko kaɗan. Ɗayan, wanda ke ɗauke da ɗan sinadarin sitiroyid, shi ne ke kwantar da kumburin a hankali. Ba ya ba da sauƙi a minti biyar, shi ya sa mutane kan shaƙa kwana uku su ce ba ya aiki su jefa shi a kwaba. Sai an jure masa kullum, ana jin ciwo ko ba a ji, bayan sati biyu zuwa 'yan makonni a ga dare ya fara wucewa ba a farka ba. Tun 2019 kwamitin ƙwararru na duniya kan asma ya daina ba da shawarar a bar babba a kan shuɗin kaɗai. Akwai ma waɗanda aka haɗa magunguna biyu a gwangwani ɗaya, irin su Seretide da Symbicort. Likita ne zai zaɓar miki bayan ya saurari ƙirjinki, ba ni ba, ba kuma mai kemis ba. Abin da nake so kawai ki buɗe baki ki tambaya: "Likita, ba ni da na rigakafi, shuɗin kaɗai nake sha." Ki kuma gaya masa inda gidanku yake da abin da ya faru a Daura.

Na san za ki ji ana cewa wanda ya fara abin shaƙa ya kamu ke nan har abada. Ba haka ba ne, ba ya sa jaraba. Maganin da ke cikinsa ɗan mitsitsi ne kuma kai tsaye huhu yake tafiya, sai dai ki kurkure baki bayan kin shaƙa na rigakafin don kada ya sa miki farin baki ko dishewar murya. Abin tsoron yana cikin ledar mai kemis. Allurai da ƙwayoyin da ake ba mai asma in ta tashi, galibi sitiroyid ne masu ƙarfi da ke zagaya jiki gaba ɗaya. Suna ceton rai in likita ya ba da su na 'yan kwanaki, amma a riƙa maimaita su wata bayan wata, suna jawo ciwon suga, hawan jini, kumburin fuska da raunin ƙashi. Ban ce mai kemis mugu ba ne, da tsakar dare shi ya amsa kira. Sai dai shi kashe gobara yake yi, bai taɓa tambayar abin da ke kunna ta ba.

Ki sa likita ko nas su kalle ki kina shaƙa. Na sha ganin mai shekara goma da asma tana fesa maganin a kan harshe ta haɗiye, hayaƙinsa yana fita ta baki. A girgiza gwangwani, a fitar da numfashi, a fesa ɗaya daidai lokacin da aka fara jan iska a hankali, a riƙe numfashi kamar ƙirgen goma. In haɗa fesawa da jan iska yana yi miki wuya, akwai wata roba da ake sawa tsakanin baki da gwangwani. In ba a samu ba, gorar ruwa ta roba mai rabin lita tana yi: a huda gindinta daidai bakin gwangwanin, a cusa shi ya matse, a fesa a ciki, a ja ta bakin gorar. Likitocin yara a Afirka ta Kudu sun gwada ta, ta yi aiki kamar ta kanti. Sannan ki faɗa wa likita in kina shan asfirin ko maganin ciwon jiki na dangin ibufurofen, don akwai masu asmar da yake tayar wa, haka wasu magungunan hawan jini. In kuma kina da tari fiye da sati biyu, ko zufar dare, ko rama, ki nemi a gwada majinarki, gwajin tarin tibi da maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati. In ciki ya shiga, kada ki ajiye abin shaƙa, rashin iska ya fi cutar da abin da ke cikin. In azumi ya zo, na rigakafin ana iya shaƙarsa da sahur da bayan shan ruwa.

Maganar kuɗi ba zan ɓoye miki ba. Tun 2023 da kamfanin da ke yin Ventolin ya daina kasuwancinsa kai tsaye a Najeriya, ga faɗuwar naira, farashin abin shaƙa ya yi tashin gwauron zabo, na rigakafin kuma ya fi tsada. Amma ki zauna da maigida ku lissafa shuɗi goma sha biyu a shekara, da kuɗin allura, da na kiran dare. Ki tambayi likita ko akwai na wani kamfani mai sauƙi, yawanci akwai. Ku kuma bincika shirin taimakekeniyar lafiya na jiha, ku ji abin da yake ɗauka.

Wannan kuma ina so maigida da babban ɗanki ko 'yarki su haddace shi tare da ke. In numfashi ya sarƙe har ba kya iya ƙarasa jimla, ko leɓe ya canza launi, ko kin shaƙa shuɗin bai yi komai ba, ko gajiya da barci suka fara rufe ki, ba lokacin kiran mai kemis ba ne. Ki zauna a miƙe, kada ki kwanta. A fesa ɗaya-ɗaya ta cikin gora, tsakani kamar rabin minti zuwa minti, har zuwa goma, ana yi ana neman abin hawa zuwa asibiti. Tun yau ku karɓi lambar wani ɗan kurkura na unguwa da zai amsa waya da tsakar dare.

To, mu dawo gida. Hayaƙin titi yana da wata ɗabi'a da za ta taimake ki: ya fi kauri a bakin kwalta, yana raguwa da sauri in aka ja baya. Sai an yi nisan mita ɗari biyu zuwa biyar kafin ya koma daidai da na sauran gari, amma mafi yawan raguwar a farko-farkon nan take. Ɗakinki shi ne mafi muni a duk gidan, kina kwana ne taku kaɗan daga bututun hayaƙin tirela. In gidan irin na gado ne mai zurfi, da tsakar gida da ɗakunan ƙurya, to musanyar ɗaki ita ce buƙatarki ta farko, kuma ba ta cin ko kwabo. Ɗakin da ya fi nisa da titi, wanda tagarsa ke kallon tsakar gida ko lungun baya. Ba zai mai da gidan ya zama Daura ba, amma awa takwas na barci a bayan katanga biyu ba ɗaya ba ne da awa takwas a ƙarƙashin waccan taga. Kafin a yi musanyar, tagar titi ta zauna a rufe, a toshe kafofinta da tsumma, iska ta riƙa shigowa ta ƙofar tsakar gida.

Ki lura da lokaci. Da asuba da bayan magariba, musamman a hunturu, iska mai sanyi takan kwanta a ƙasa ta danne hayaƙi, shi ya sa za ki ga ya yi shimfiɗa a kan titi kamar hazo a hasken fitilar mota. A waɗannan lokutan kada a aike ki zaure, kada ki tsaya sallama da baƙi a ƙofar gida. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu kuma ƙurar hamada takan haɗu da hayaƙin su zama biyu, don haka ki ga likita tun kafin hunturu ya shigo, ba sai ya kayar da ke ba. In fita ta kama, ki bi lungu ko da ya fi nisa. Niƙabi da gefen hijabi suna tare ƙura mai kauri da sanyin iska, amma ƙananan ɓurɓushin nan wucewa suke, takunkumi irin N95 ne ke tare su in ya zauna a fuska sosai. Shara kuma a yayyafa ruwa tukuna, ko wani ya yi kina nesa, kayan ɗaki a goge da jiƙaƙƙen tsumma maimakon kaɗewa.

Sai hayaƙin da mu da kanmu muke kunnawa. Ba amfani a rufe wa tirela taga a kunna maganin sauro na igiya a cikin ɗaki. Wani bincike na 2003 ya gano cewa igiya ɗaya tana fitar da ƙananan ɓurɓushi daidai da na taba sigari 75 zuwa 137. Ki koma gidan sauro. Janareta ya yi nesa da taga, kada a ƙona shara ko leda a tsakar gida, girkin icce ko gawayi in ba makawa a yi shi a fili, ke kuma ki zauna inda iska ke fitowa ba inda take tafiya ba. Turaren wuta na san yana da wuyar bari ga mace, ɗaki ba ƙamshi sai ka ji kamar ba na matar aure ba. Ki haƙura da shi a ɗakin kwana. In kaya za a turara, wata ta yi miki a waje, su sha iska sannan a shigo da su.

Wannan ya kawo mu ga Hajiya. Ina so ki dube ta da wani ido. Tsohuwar da ke tashi kowace magariba ta ɗebo garwashi a kasko, ta zuba magani, ta taka har ɗakin surukarta, ba ƙiyayya ce ke ɗago ta ba. Abin da ta gada ke nan, da shi ta ga an yi wa na gabanta. In kika ce hayaƙin yana sarƙe ki, ita abin da kunnenta ke ji shi ne an raina kulawarta. Kuma a ƙarƙashin wannan akwai nata tsoron: mijinta ya rasu, ɗan da ya dawo ya riƙe ta ana maganar zai tashi. Saboda haka kada ki ƙwace mata aikin, canza mata shi za ki yi. Ki same ta ita kaɗai da hantsi, ki durƙusa ki gaishe ta, ki ce: "Hajiya, likita ya hana ni kowane irin hayaƙi, har turaren ɗakina ya sa na bari. Amma addu'arki nake so, ki riƙa yi mini tofi a ruwa da magariba." Kin ga ta ci gaba da zuwa ɗakinki, ta ci gaba da yi miki magani, kasko kawai aka ajiye. Maganar sanyi kuma ba ta yi ƙarya duka ba, sanyin iska yana tayar da asma, ki ba ta gaskiyarta a nan. In za ta yarda ta raka ki asibiti sau ɗaya ta ji daga bakin likita, ya fi ki faɗa sau ɗari.

Ƙanwar miji ki bar ta. Maganarta ta yi ciwo, na sani, amma in kika tanka, zance ya tashi daga huhunki ya koma kan wa ya ce me, kuma a wannan shari'ar ba mai yin nasara.

Maigida ne nake so ki fi ba wa ƙarfinki. Dalilansa uku duk na gaske ne: uwa, shago, haya. Namiji in aka kawo masa buƙata ɗaya tak, kuma wadda ba ya iyawa, sau da yawa sai ya rufe maganar gaba ɗaya, ba don bai damu ba, don kunyar gazawa. Kin ce masa "mu tashi", shi kuma ya ji "zaɓi tsakanina da uwarka". Ki sauya masa tambayar. Ki nemi lokacin da ya ci ya huta, yara sun yi barci, ki ajiye gwangwanayen da suka ƙare a gabansa, ki ce ba kya son raba shi da Hajiya, numfashi kike nema, ga kuma abubuwan da yake iya yi a satin nan: ya kai ki asibiti da kansa ya shiga wurin likita tare da ke, ya yi wa Hajiya maganar musanyar ɗaki da bakinsa don daga gare shi ta fi sauƙin karɓuwa, ya sa maganin rigakafi cikin cefanen wata kamar yadda yake sa shinkafa. Ki tuna masa kuma cewa shi ma a bakin wannan kwalta yake wuni, yaranku huɗu a nan suke wasa, kuma 'ya'yan mai asma sun fi saurin samunta ta gado. In akwai mai yawan tarin dare a cikinsu, ku tafi da shi.

Direbobin ma aikinsa ne. Mutanen nan ba su san akwai mai fama a bayan katangar ba, sun kwana a hanya, shayi suka tsaya sha. Shi da ke da shago a wurin ya san su, ya san mai shayin. Magana mai daɗi ta cewa akwai mara lafiya a ɗakin nan, don Allah a kashe inji ko a matsa gaba, takan yi aiki fiye da yadda ake zato, balle ga man da suke ƙonawa a banza ga tsadarsa. In ba ta yi ba, ya haɗa kai da maƙwabta biyu ko uku su je wurin mai unguwa, shi kuma ya yi magana da shugabannin 'yan yuniyon. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce ba cuta ba cutarwa, kuma ba direban da zai ji an kawo masa wannan da ladabi ya ce bai san shi ba. In da fili a jikin katanga, a dasa bedi ko wani shinge mai duhu, yana rage ƙura, amma kada ki ɗora masa buri da yawa.

Yanzu tambayarki: ki tafi gida ko ki zauna? Ban goyi bayan yaji ba a yanzu. In kika fita da fushi, kin ba masu cewa makirci ne hujja, kuma za ki tafi da asmar da ba a yi wa magani ba, wadda ko a lungun gidanku tana iya kayar da ke. Amma zuwa jinya daban, yaji daban. In likita ya fara miki sabon magani, ba laifi maigida da kansa ya kai ki gidanku ki yi sati biyu huhu ya huce, a kuma yi musanyar ɗakin kafin ki dawo. Iyayenki da suka ce ki yi haƙuri, ina jin sun ɗauka zaman gidan miji ne ya yi zafi kamar na kowa. Ki gaya wa mahaifiyarki adadin daren da kike farkawa da adadin gwangwanin da kike sha. Haƙuri da halin mutane abu ne mai kyau, amma ba a ce mutum ya yi haƙuri da rashin iska ba.

Ki sayi ɗan littafi na 'yan makaranta. Kowace safiya ki rubuta layi ɗaya: na farka ko ban farka ba, feshi nawa na yi jiya, a ina na kwana, akwai hazo ko babu. Ku yi alkawari da maigida tun yanzu, a gaban likita in da hali, cewa za a ba wannan tsari wata uku. In dare ya dawo naki, shuɗin ya koma sau ɗaya ko biyu a sati, alhamdu lillahi, kin zauna lafiya da kowa. In kuwa kin riƙe magani yadda aka ce, an sauya ɗaki, an ajiye kasko, amma littafin yana nuna kina farkawa, ko aka sake kwasarki zuwa asibiti ko da sau ɗaya, to maganar tashi ta zama dole, kuma haƙƙinki ne, domin matsugunin da ba ya cutarwa yana cikin abin da aure ya ɗora wa miji. A lokacin sai a sa manya, waliyyinki da wani kawunsa da yake jin nauyi, littafin da takardar likita suna gabansu.

Tashin kuma ba lallai ya zama barin unguwa ba. Ɗaki biyu a lungu na uku ko na huɗu bayan gidan, inda ƙarar tirela ke zuwa daga nesa, ya isa ya canza iskar da kike shaƙa, shi kuma yana iya takowa shago da ƙafa ya gaida Hajiya safe da yamma, yara su wuni wurin kakarsu. Ɗakin naki na bakin titi, wanda bai dace da kwana ba, ya dace da kasuwa: in aka fasa masa ƙofa ta waje aka ba da shi haya a matsayin shago, kuɗinsa zai rage nauyin hayar. Ki ajiye wannan shawarar a hannu, ki fito da ita ranar da ya sake cewa ina kuɗi.

Ki fara da asibiti, ƙanwata, gobe in Allah ya kai mu, ko da aron kuɗin mota za ki yi. In wata ya zagayo ki sake rubuto mini, ki kwafo mini abin da ke cikin littafin, ina so in ji dare nawa kika yi barci har kiran assalatu.